Ɗigo a Kan Buhu

Da asuba na ɗaga buhun da Ƙyalle ke kwana a kai,
bayan rumbu, gefen turken awaki,
sai ga ɗigo biyu, ko uku,
fari da ɗan rawaya, kamar kindirmon da ya kwana.
Wata biyar ke nan da na karɓo shi
hannun Gwadabe mafarauci,
a bakin zakara ɗaya da godiya.

Na duƙa na duba, ban taɓa ba,
da alwalata.
Ɗan laima ne a bakin kubensa.
Shi kuwa ko a jikinsa,
yana cizon igiyar guga, yana kaɗa wutsiya,
ya cinye ɗumame har da suɗe kasko.

Gwadabe ya ce bar shi, girma ne ke sallama.
Inna Tabawa ta ce toka da kanwa.
Wani a majalisa ya ce, yanzu har kare
sai an yankar masa kati?
Aka yi dariya. Ni ma na yi, da rabin baki.

Ban sa toka ba.
Ido na sa.

Kwana tara babu abin da ya sake.
Ran na goma buhun ya yi ja-ja,
wari ya riga ni isa wurin.
Ya ƙi tuwo, ya ƙi romo,
ya dunƙule yana lasa, yana lasa, ba ɗagawa.
Ya tsuguna fitsari sai kuka,
ɗis, ɗis, kamar randa mai tsaga.

Kwalin taliya, bayan babur ɗin Haladu,
daga Kafin Gana har Birnin Kudu
hannuna a kan murfi, zuciyarsa tana bugun tafina.

Ashe likitan mace ce.
Bakin da ke cinikin raguna a kasuwa
ranar ya yi nauyin dutsen niƙa.
Na ce, ciwon dai... can ƙasa.
Malama Hansatu ba ta yi dariya ba.
Ta sa safar hannu, ta ce riƙe min kansa.

Abin da ta zaro bai kai ƙwayar dawa ba:
ƙarangiya, guda ɗaya,
ta shige kube ta yi zamanta.

Tana wankewa tana magana, ba ta dube ni ba.
Ta ce wancan na fari da ka gani,
ɗan kaɗan, ba wari, yana ci yana wasa,
yawancin kwikwiyo namiji haka yake.
Amma in jini ya shigo, ko ɗoyi, ko kumburi,
in fitsari ya zama wahala, in ya juya wa kasko baya,
kada ka jira ranar kasuwa.
In kuma abin ya fito ya ƙi komawa,
ko da dare ne, nemo ni.
Toka kuwa, bar wa wanke-wanke.

Allura ɗaya, ƙwayoyi a ƙullin takarda.

Yau kwana shida.
Buhun na shanye a kan danga, fes.
Mai maganar kati ya zo aron galma ɗazu,
Ƙyalle ya tare shi a bakin zaure
da haushin da ya fi ƙarfin jikinsa.
Na bar shi ya ɗan yi
kafin na ce, kai, bari.