Gammo

Buhu arba'in na sauke daga tirela a Singa,
na arba'in da ɗaya shi ya kama ni a baya.

Ba wata ƙara na ji ba, ɗan ƙas ne kurum,
kamar an taka ɓawon gyaɗa a kan hanya.

Kafin la'asar wuta ta sauko daga ƙugu,
ta bi cinyar hagu har ɗan yatsa, tana jan jijiya.

Ni Tsalha, mai ɗaukar shinkafa biyu a ka,
sai ga buta ta fi ƙarfina da safiya.

Ɗan'asabe wanzami ya kafa min ƙaho bakwai,
baƙin jini ya fita, ciwon ko gezau, bai juya.

Mai motar magani a Wambai ya rantse sanyi ne,
na shanye jarka guda, na kwana zaryar bayan gida da tsiya.

Surukina ya ce jifa ne, a nemo mai duba.
Saude ta ce, "Dala za mu."
Ba ta ƙara ba, ta kwance tunkiyarta daga igiya.

Likitan ya ɗaga hoton bayana saitin fitila,
ya ce, "Ka san gammo?" Na kusa yin dariya.

Na ce, "Da shi nake ci, shekara sha tara."
Ya ce, "To ka gama karatun, saura bita ɗaya:

tsakanin ƙashi da ƙashi Allah Ya sa maka gammo,
wannan ne ya tsage, ya zamo, ya danne jijiya."

Na ce, "Yanka ni za ku yi?" Ya ajiye biro.
"Da yawa suna warkewa wuƙa ba ta taɓa su ba,
sai dai abin na son haƙuri da juriya.

Ga ƙwayoyi, ka sha yadda na rubuta, ban da ƙari.
Huta kwana biyu, amma kar ka auri kwanciya.

Tashi ka taka, ko daga zaure zuwa masallaci.
Ka je ɗakin gashi, su koya ma motsi da miƙa baya.

In an yi makonni wutar ba ta lafa ba,
akwai allurar da ake yi daidai wurin, a tsakiya.

In ita ma ta gaza, sai mu zauna kan batun aiki,
mu cire ɗan abin da ya zamo, mu saki jijiya.

Amma ji nan: ran da ƙafa ta soma mutuwa,
ko fitsari ya ƙwace ma, ko ya tsaya,
ko da tsakar dare ne ka taho, ka ajiye kunya."

Malama Barira ta ɗakin gashi ba ta da wasa.
Ta kwantar da ni rub-da-ciki kan tabarmar roba,
ƙato da ni, ina ɗaga ƙirji kamar ƙadangare a kan rijiya.

Sati uku ina tsine wa kuɗin Adaidaita.
Ran Talata ta shida na sunkuya na sa takalmi,
sai a Gwammaja na tuna ban nemi taimako ba tun jiya.

Ba a yi allurar ba. Ba a yi aikin ba.
Na gadon kusa da ni, Ilu direba, shi an yi masa,
na gan shi a Kurna yana tafe da ƙafarsa lafiya.

Ɗan yatsan nan har yau kamar na aro ne,
in hadari ya haɗo shi ke fara ba ni waya.

Yanzu littafi ne a hannuna bakin sito,
ina ƙirga wa Alhaji Na'iya buhu ɗaya-ɗaya.

Kuɗin bai kai na dako ba, Saude ta sani,
har yau ban mayar mata da ita ba, tunkiya.

Na ce wa yaron da ya gaje ni, "Lanƙwasa gwiwa, ɗana."
Ya ce, "Baba, ai ƙarfi ne," ya saɓa biyu, ya yi gaba da fariya.

Gammona kuwa yana nan a gida bai yi ritaya ba,
a kansa take girke tukunyar miya.