Jan Yatsu

Kwana goma sha ɗaya ban runtsa ba.
Ni da nake miƙa ƙwaya ta taga
a wani kantin magani a Sinnar,
ina rubuta wa mutane a bayan kwali,
ɗaya da safe, ɗaya bayan isha,
na rasa wadda zan rubuta wa kaina.

Ran Juma'a na hau motar Mai Wurno.
Kogi ya ja da baya ya bar laka,
masu dashen albasa na bin sawunsa.
Gwaggo Batula na ƙarƙashin rumfa,
ƙafa ɗaya a miƙe kan gadon igiya.
Ko sannu da zuwa ba ta yi min ba,
ta ce, "Tukur, wa ya zuba maka toka a ido?"

Ɗakinta kanti ne da ba shi da allo.
Bagaruwa a gwangwanin madara, ta masu tari,
hulba ta masu jego,
filasko can sama a ƙulle, don ba ya wasa da ciki,
garin kuka, tsamiya, citta mai yatsu,
da habbatus sauda a kwalbar turaren
da ya ƙare tun mijinta na da rai.

Na ce, "Ba ni na barci."
Ta ce, "Babu."
Ta turo min tabarma da ƙafa,
ta nuna buhun ɗanyen zoɓo a jingine.
"Ɓare min. Fure nan, ƙwallo can.
Yatsuna sun daina jin magana."

Na ɓare.
Ƙaiƙayi ya ci min hannu har gwiwa.
La'asar ta zo ta wuce,
wani jaki ya yi ta kuka a bayan danga,
faranti ya cika, aka juye, ya sake cika.
Ba ta tambaye ni komai ba.
Carbinta kawai ke tafiya.

A tsakiyar buhu bakina ya kwance.
Na ce Sa'adu.
Na ce wata bakwai ke nan
tun da ya bi masu haƙar zinare arewa,
wayarsa ta yi ta ƙara, ta yi ta ƙara,
yanzu ko ƙarar babu.
Na ce ni na ba shi kuɗin mota.
Wannan ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ba ta ce in yi haƙuri ba.
Ta ɗora man riɗi a bakin murhu ya yi ɗumi,
ta kama ƙeyata da yatsun nan da ba sa jin magana,
ta murza kamar mai neman tsakuwa a gero.
Ta ce, "Kuɗin mota ka bayar.
Hanya ba taka ba ce."
Ta miƙo kofin zoɓo da na'ana'a, ba sukari,
na sha, tsaminsa ya matse min ido,
abin da ya zubo ba na tsami ba ne kaɗai.

Na farka rana na kan ƙafafuna,
an lulluɓe ni da tsohon mayafi mai ƙanshin hayaƙi,
asuba ta wuce ni, kaji na yawo a kaina.

Da zan tafi ta ce, "Ina ƙwayar sukarina?
Ka zo da ita ko ka manta?"
Na zaro daga aljihu.
Ta ce, "Yawwa. Wannan bagaruwa ba ta san shi ba.
Kowa da gonarsa."

Har yau Sa'adu bai kira ba.
Na koma tagata da jan yatsu,
sabulu ya yi kwana uku bai fitar ba.
Jiya wata mata ta zo da jaka a hammata,
ta ce a ba ta na barci, mai ƙarfi.
Na dubi idonta, na ga tokar.
Na ajiye biro,
na jawo mata kujera.