Ɗanyen Kifi a Yaba

Shekara talatin ina sayar da banda a Mil Tuwel,
hayaƙi ya tare a rigata kamar ɗan hayar da ba ya biya.
Ranar da Rumasa'u ta karɓi albashinta na fari
ta ce, "Baba, sa hularka, yau ni zan ciyar da kai."

Ɗakin bai kai shagona faɗi ba.
Kujeru bakwai, dogon katako ɗaya,
fanka tana juyi a gajiye,
a waje motocin danfo suna zagin juna da oda.
Na leƙa neman murhu, babu.
Na shaƙi iska neman ƙaurin mai, babu.
Sai wata mata, Senami, 'yar Badagiri,
da wuƙa siririya kamar ganyen rake.

A bango akwai allo da rubutun alli:
sunan kifi, sunan wanda ya kamo shi,
da lokacin da jirginsa ya taɓa yashi.
Rumasa'u ta karanta mini:
"Baba Hunpe, da ƙugiya, bayan asuba."
An goge layi biyu da tafin hannu.
Na ce, "Waɗannan fa?"
Senami ba ta ɗago ba. "Suna ɗauke da ƙwai.
Sai wata mai zuwa, in teku ta yarda."

Na sauke hulata bisa gwiwa.
Rabon da in ji irin wannan magana
tun a Yawuri, ina riƙe wa mahaifina gora.
Gado Mai-Taru, Allah ya jiƙansa,
yakan zura yatsu uku a idon raga;
in ba su shige ba, sai a warware saƙar.
"Mai cin ɗan kifi," in ji shi,
"abincin jikansa yake ci."
Daga baya aka zo da gidan sauro ana tace kogi,
aka zo da guba a kwalba,
giwan ruwa ya koma tatsuniya,
ni kuwa na hau motar shanu na yi kudu.

Ta dunƙule shinkafa, loma guda, mai ɗan tsami,
ta shimfiɗa yankan kifi a kai
kamar mai lulluɓe jinjiri.
Aka miƙo mini tsinke biyu.
Suka ƙi ni, na ƙi su.
Senami ta yi dariya: "Alhaji, hannu ya girmi tsinke."
Na yi bisimilla sau biyu,
ɗaya don abincin, ɗaya don cikina.

Sanyi ne ya fara isowa.
Sai zaƙi, ba na sukari ba,
irin na ruwan randa bayan doguwar tafiya.
Ƙarni babu.
Ashe ƙarni tsufan kifi ne,
ni da nake tsammani sunansa ne na yanka.
Sai koren yajin nan ya haura ta hancina
ba sallama,
hawaye ya zubo har gemu.
Rumasa'u ta ce yajin ne.
Na bar ta a kan yajin.

Jatan lande ya biyo, sai ƙaguwa cikin naɗin baƙin ganye,
citta tsakanin loma da loma tana share hanya.
Da takardar kuɗi ta zo na saci kallo,
na lissafa ta da kwalin banda,
na buɗe baki, 'yata ta taka mini ƙafa.

A kan gada muna komawa, jirage ƙanana
suna lilo a ƙasa da fitilunsu.
Ban san wanne ne na Hunpe ba.
Na ɗaga hannu duk da haka.

Da safe kaya ya sauka daga arewa.
Na yanke igiya, na buɗe kwali,
na ɗauko ɗaya, baƙi, a lanƙwashe,
bai kai tsawon ɗan yatsana ba.
Mai kaya yana tsaye yana jiran tayi.
Na daɗe ina juya shi a tafina.