Ƙugiyar Ƙ

Mu biyar ne, waya ɗaya,
ita ma gilashinta a tsage.
Ustaz Babikir ya ba mu mako uku:
waƙa, bidiyo, da bangon faifai.
"Maki ashirin," in ji shi, ya goge allo.

Nafi'u ke da murya, kuma ya sani.
Ya aro tabarau wurin mai raksha,
ya ce sai dai bakin Nilu,
can ƙasan Maiurno, inda mangwaro ke rusuna wa ruwa.
Rumaisa ta ɗauko madubin yayarta
tana watsa masa rana a fuska,
Tijjani na dukan jarka,
Ikhlas na ƙirga da yatsu,
ni aka miƙa wa wayar,
wai hannuna ba ya rawa.

Ya yi rawa.
Ɗauka ta farko akuya ta ratsa,
ta uku masu kwale-kwale suka tsaya kallo,
ta bakwai caji ya mutu
Nafi'u na tsaka da buɗe baki.
Muka jona ta wurin mai agashe,
muka ci na bashi muna jira.

Ta sha ɗaya ce ta zauna.
Sai da dare, a kan gadon igiya,
na ga abin da rana ta ɓoye mini:
can baya, bayan tabarau da ɗaga kafaɗa,
Baba Sale na ɗinkin taru.
Bai ɗago ba ko sau ɗaya,
amma minti uku da rabi
hannunsa na tafiya daidai da jarka.

Nafi'u ya ce a yanke shi.
Na ce ban iya ba.
Ƙarya nake.

Sunan faifan kalma ɗaya ce: Ƙasa.
Mun sha musu kan wacce,
wadda kakanni suka baro da ƙafa kan hanyar hajji
ko wadda aka binne cibiyarmu.
Ikhlas ta ce a bar mai ji ya zaɓa.
Rumaisa ta zana rabin fuska, rabin kogi,
muka hau mota sai Sinnar.
Injin mai buga takardu ya san Larabci,
ya san Turanci,
bai taɓa jin labarin ƙugiya ba.
Kwafi talatin, da manyan baƙaƙe:
KASA.

Tijjani ya yi dariya har da riƙe ciki:
"Mun riga malam faɗin sakamako."
Kuɗi kuwa sun ƙare.
Daren nan, da biro ɗaya da fitilar waya,
muka bi su muna ɗora musu ƙugiya,
wata kamar lauje, wata wutsiyar kunama,
ta ƙarshe barci ne ya zana ta.

Ran Lahadi Ustaz ya kalla sau biyu.
"Leɓe ya riga sauti a baiti na biyu.
Iska ta cinye amshi.
Hasken ya yi. Tabarau ba su da aiki."
Ya shafa bangon da babban yatsa,
tawada ta biyo shi.
"Wannan fa?"
Na yi ta juya Larabcina kafin na ce,
tsakanin inda muke tsaye da faɗuwa
ita kaɗai ce, Ustaz.
Ya gwada furta harafin,
ya maƙale masa a wuya, aji ya ɓarke.
Bai yi fushi ba. Ya sake gwadawa.

"Tsohon nan na baya, dabarar wa?"
Shiru.
Nafi'u ya ce, "Tawa."
Na dube shi, ya dubi fanka.
Sha huɗu cikin ashirin.

Da yamma na kai wa Baba Sale wayar.
Ya nesanta ta da ido, ya matso da ita,
bai ce uffan kan waƙa ba.
"Mai da baya," in ji shi. Na mayar.
"Kin gani? Ƙullin nan na kuskure shi."
Ya miƙe, ya karkaɗe jallabiya,
ya tafi neman tarun.