Ɗiyar Majemi

A farmasin bakin babbar kasuwa na tsaya,
kwalba a tafin hannuna,
ƴar mitsitsiya, ba ta fi ƙwan zabuwa ba,
jika goma sha biyu.
Sahura, yarinyar bayan kanta,
ta karanta mini Faransancin jikinta:
wai cikin kwana bakwai
shekara goma za su sauka daga fuskata.
Na yi dariya har kallabina ya goce.

Yarinya, ni ɗiyar Nomau majemi ce.
A Bagalam na tashi, cikin warin bagaruwa,
tsakanin kwatarniyar toka da kartaji.
Fatar jar akuyar Maraɗi,
dubu nawa ta bi ta hannun ubana?
Tun ban iya ɗaura zane ba
ya ɗora yatsana kan wata, ya ce:
"Taɓa ki ji. Fata hawa-hawa ce.
Ta sama ɓawo ce, yau tana nan, gobe ta tafi.
Ta ƙasa saƙa ce, zare kan zare,
can ƙarfin yake kwana.
In zaren can ya tsinke
babu allurar da ke kai masa."

A inuwar bedi yake shanya,
bai taɓa ba tsakar rana ajiya ba.
"Rana wuƙa ce," in ji shi,
"tana yanka, ba a ganin jini."
Sannan man gyaɗa, kaɗan-kaɗan,
ya murza, ya naɗe, ya bari ta sha,
gobe ya sake.

Na ga Barira, ƙawata tun ta tallan ƙuli-ƙuli.
Ta sayi haske a roba marar suna,
shekara biyu tana ɗaukar ido a gidan biki.
Yanzu kumatunta ɓawon albasa,
jijiya kore-shar a fili,
gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin suna tona asiri.
Ubana ya san wannan ciwon:
fatar da ta daɗe a toka
kyau take yi a ido,
ka ja ta, ta yage.

Sahura ta yi shiru, ta karɓe kwalbar.
Ashe ita ma ta san abin da ta sani.
Ta ce, "Inna, ta mai rai ta bambanta da ta jima.
Kusan kowane wata tana sake riga,
sai dai shekaru na sa ta nawa.
Akwai man dare mai ɗan zaburar da ita,
yana raɗaɗi da fari,
ba ya nuna aiki sai an yi wata uku.
Ki gwada a cikin damtse, dare uku, ki gani.
Amma mai ciki ba ta shafa shi."
Na ce, ciki? Allah ya shirye ki,
jikokina shida.

Ban saye shi ba ranar.
Na ɗauki na tare rana,
da sabulun da ba ya barin fuska tana ja kamar ganga.
Man kaɗe kuwa, akwai ƙullin Ta-Malam a ɗaki.
Canjin ya ishe ni kifin Madarumfa
da kuɗin kabu-kabu.

Da dare na zauna gaban madubi.
Tamojin nan na tsakanin gira,
na san shekarar da ya zo.
Na gefen ido, dariya ce ta haƙa su,
ba zan kai su ƙara ba.
Ba yarinta nake nema ba,
taushi nake so, kada in tsage.

Ina shafawa sai hannunsa ya faɗo mini a rai.
Mutumin da ya tausasa fatun ƙasa guda,
tafinsa kamar bakin gulbi a bazara,
faso kan faso,
bai taɓa tuna cewa shi ma fata gare shi ba.
Sai a jinyarsa ta ƙarshe
na zauna da ƙoƙon man gyaɗa
ina murza masa yatsu ɗaya-ɗaya.
Ya buɗe ido, ya dubi aikina,
ya ce, "Kin cika mai.
Kaɗan-kaɗan, na ce miki."