Haruffa Uku

Bayan tashar Kejetia, a lungun masu gyaran agogo,
ɗaki biyu ne da rumfar kwano,
amma Boakye ya sa aka rubuta "kamfani" a saman ƙofa
da jan fenti, har harafin ƙarshe ya zubo da hawaye.

Daga Jamus ya dawo da jaka biyu:
ɗaya cike da rigunan sanyi da bai ƙara sawa ba,
ɗaya da korayen alluna naɗe cikin safa,
masu baƙaƙen ƙwari da ƙafafun azurfa.
Ni yaron mai gyaran rediyo ne daga Aboabo,
shekara sha tara, hannuna bai san rawa ba.
Ya ce, "Ka iya narka dalma?"
Na ce na iya.
Iyakar jarrabawar ke nan.

Gambo kafinta ya haɗa akwatuna da katakon wawa,
sunan itacen ne,
ya ce shi kaɗai ne wawan da ke tsayawa inda aka ajiye shi.
Agyei, mai rubutu a goshin motocin haya,
ya zana jirage masu aman wuta a gefe,
duk hancinsu ya yi kama da na surukinsa.
Ni na farke cikin matattun talabijin,
sau biyu kwalbar ta cije ni
har na ɗanɗana ƙarfe a dasashina.

Daren da na farko ya farka
ɗigon haske ne kawai, bai kai ƙwayar gero ba.
Na tura sanda dama, ya bi dama.
Na tura hagu.
Gambo ya ja baya yana salati,
sannan ya ce in matsa, layinsa ne.

Da magariba Ladidi kan juye kwandaloli a tasa
tana ware marafan kwalba
da yara suka jera a kan dogo, jirgi ya daɓe musu.
Ba ta zubarwa. Ta ce wannan ma basira ce.

Akwai wani yaro mai goge takalma,
ban taɓa tambayar cikakken sunansa ba.
Kwandala ɗaya, awa guda yana tsaye,
ƙafa ɗaya kan akwatin burushinsa.
In ya gama sai inji ya ba shi gurbin haruffa uku.
Ya sa S, ya sa A, ya sa D.
Nan kaɗai a duk Kumasi sunansa ke sama da na kowa.

Shekarar da ruwan Akosombo ya ja baya
aka riƙa ɗauke wuta kamar bashi.
Kowace ɗaukewa, inji ya manta da kowa.
Ya zo da safe, ya duba, ya sake dubawa,
ya juyo gare ni:
"Wa ya goge ni?"

Kwana huɗu na yi ina bin jijiyoyin allon
har na liƙa masa batirin babur.
Boakye ya cire kuɗin daga albashina.
Ban yi gardama ba.

Kamfanin bai mutu da ƙara ba.
Kwandala ce ta daina sayen ko gyaɗa,
kwalabe suka dushe ɗaya bayan ɗaya,
Agyei ya koma motocinsa,
Gambo ya koma yin gadajen amare.

Bara a Asawase na ga akwati ɗaya.
Wata mata ke ajiye burodi a cikinsa,
hancin surukin Agyei na nan a gefe, ya koɗe.
Na roƙe ta in leƙa gilashin.
Babu wuta, babu waya,
amma inda haske ya daɗe yana zama ya bar ƙuna,
jerin inuwa, kamar sawun tururuwa a toka.
Na karkata kai, na kare rana da hula.
Ban rantse ba,
amma layin sama ya yi mini kama da haruffa uku.

Ta ce, "Baba, burodi nawa?"
Na ce biyu.