Mudun Mai Yabo

Littafin bashi ya jiƙe daren Laraba.
Rufin sito ya yi yoyo daidai shafin Tanimu,
buhunansa suka narke, suka koma shuɗin tabo.
Maigida ya ce, "Barau, kafin riɗi ya shigo
nemo mana kwamfutar nan ta kan cinya.
Na gaji da rantsuwa a kan tawada."

Na hau tudun bayan firamare, inda sabis ke zama,
na zuba data ta dubu biyu.
Ga su nan, samari masu farin haƙori,
kowa da kwali a gabansa, yana yanka leda a hankali
kamar mai feɗe ragon suna.
Wannan ya ce ba ta da nauyi.
Wancan ya ce batirinta wuni yake.
Na uku har da dafa ƙirji,
tauraro biyar, babu ko ɗigon "amma".

To, ni ɗan kasuwar Gujungu ne,
shekara sha huɗu ina jin bakin dillalai.
Na san muryar wanda ya saya da guminsa,
tana da ɗan tsami, da ƙorafi a gindinta.
Ta wanda aka ba kyauta kuwa sumul take.
Wanda ya ci ladan kuturu ai sai ya yi aski.

Ina tambayar waya, waya ba ta amsawa.
Wa ya biya kuɗin kwalin?
Kwana nawa ta yi a hannunka kafin ka buɗe baki?
Na ga labulenka yana rawa, ɗakinka da sanyi.
Ka taɓa kunna ta ƙarƙashin kwano a tsakiyar bazara,
sa'ar da ƙadangare ma ke neman inuwa?
Awa goman nan da agogon wa?
Mu nan sola ce, in hadari ya haɗu sai haƙuri.
In ƙaiƙayi ya shige tsakanin madannai fa?

Masu kushe ma ban miƙa musu wuya ba.
Wani ya ba ta tauraro ɗaya
don ɗan aike ya makara da kwana biyu.
Fushin kaza ke nan, huce kan dami.

Ranar Talata na shiga motar Gumel,
wurin Ilu mai gyara.
Shagonsa kamar mahauta, kayan cikin injuna a faranti.
Bai yabi kowacce ba.
Ya nuna tarin da ke lungu da sukudireba:
"Waɗannan 'yan gida ne, kullum suna nan.
Kyan ɗan maciji, wata bakwai marfi ya ɓalle."
Na ce, wacce ce ba ta zuwa?
Ya daɗe yana hura wani ƙaramin fanka.
"Akwai wata baƙa, mai kauri, mummuna.
Akawun asibiti na da ita shekara shida,
sau ɗaya na gan ta, batir na canza."
Na ce, kai ma kana sayar da ita?
Ya yi dariya. "Biyu na nan ƙasan tebur.
Sai ka zabge daga maganata gwargwadon haka."

Duk cikinsu shi kaɗai ya nuna mini gindin mudunsa.

A mota, baƙar tana kan cinyata cikin tsumma,
sai bara ta faɗo mini a rai:
wani baƙo ya damƙi riɗi ya dube ni,
na ce masa babu yashi ko ƙwaya,
la'adata tana aljihu, da ɗuminta.
Ni ma ban ce "amma" ba.
Na juya ina kallon gonaki har muka iso.

Da dare na kunna ta, fanka ya yi ɗan gurnani.
Na rubuta Tanimu da yatsa ɗaya.
Maigida ya ce sha ɗaya ne.
Tanimu ya ce tara.
Ɗan layin yana ƙiftawa, yana jira na.